Tafin Hannun Ɗan Azumi Mai Alo-alo

Da an sallame sallar asuba, kafin masunta su gama jawo komarsu daga tafki, Malam Ɗan Azumi ya riga ya isa ƙofar shagonsa a Madarumfa. Ba ya fara buɗe ƙofa. Sai ya ɗaga kai ya bi wayar eriyar da ya ɗaura daga bishiyar bedin gaban shago zuwa gawon bayan masallaci, ya ga ko iska ta taɓa ta, ko wani ya shanya mata tsumma. Sannan ya buɗe, ya yi shara, ya ɗora shayi, ya manta da shi. Shekara da shekaru ina zama a bencinsa in na taso daga lakwal, makarantar boko inda nake koyarwa ake kirana Mushe kamar kowane malami, ban taɓa ganin ya sha shayinsa da zafi ba. Mutum ne da bai iya zama ba. Yana cikin ba ka amsa zai miƙe ya murɗa wani abu, ya dawo, ya tambaye ka me ma ka ce. Ni mai gajen haƙuri ne, mun sha faɗa a kan wannan.

Abin da ke ci da gidansa gyaran tocila ne da wayar hannu da rediyon jin labarai. Amma abin da ya ba shi sunan Mai Alo-alo yana can kan kantar ciki: tsofaffin rediyoyi masu ji su kuma aika magana, irin na masu sha'awa waɗanda hukuma ke ba takardar izini. Yakan sayo su na hannu, daga gwanjon ƙungiyoyin da suka gama aiki suka tafi, ko daga magadan wani tsohon ma'aikaci. Ya kwance su, ya busa, ya canza abin da ya gaji, ya jira mai saye. Masu sayen ba su da yawa, yatsun hannu sun ishe ka ƙirga su daga nan har Maraɗi. Wanda kuma ya zo ba takarda, ko da me ya zo, Ɗan Azumi zai ba shi shayin nan mai sanyi ya raka shi bakin hanya. Muna bakin iyaka, ya san ba kowane kunne ya kamata a ƙara wa tsawo ba.

Akwai wata al'ada tasa da masu saye suka tsana, ni ma na daɗe ina yi mata dariya. Waɗannan rediyoyi yanzu ba magana kaɗai suke aikawa ba. In an haɗa su da ordinatar, wadda 'yan'uwanmu na tsallake ke kira kwamfuta, suna aika rubutu, kuma rubutu yana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa. Sai dai mai magana yana numfasawa, rediyo ya huta tare da shi. Rubutu kuwa fito ne guda ba tsayawa. Rediyon da aka rubuta masa wat ɗari, in ka sake masa ɗarin nan a kan rubutu, cikin zafinmu na nan, cikinsa zai toye kana kallo. To Ɗan Azumi ba ya tsayawa dogon bayani. Sai ya kama hannun mai saye ya ɗora a bayan rediyon, ya buɗe wuta duka, ya tsaya yana kallon fuskarsa har sai mutum ya fizge hannu don kansa. In ƙarfen ya huce ya mayar da wutar kashi ɗaya cikin huɗu, ya sake ɗora hannun. Daga nan ya ɗauko wata 'yar kwalbar jan farce da ya daɗe da karɓa wurin matarsa, ya ɗiga a daidai inda maɓallin wutar zai tsaya.

Na taɓa ce masa, “Malam, wannan ai mugunta ce. Faɗa musu da baki mana.”

Ya ce, “Mushe, kai da ka koyarwa, ɗiyan da ka hwaɗa ma abu da baki nawa sunka riƙe? Kunne shina mantuwa. Hannu in ya ƙone ba shi mantawa.”

Cikin waɗanda ya gasa wa hannu akwai Balaraba, ma'aikaciyar jinya, wato majo, a wani ƙaramin ɗakin shan magani da ke ƙauyen bayan Gabi, hayin gulbi. Ta gaji sha'awar rediyo daga mahaifinta, ta yi jarrabawa ta karɓi takardarta, ta zo ta sayi wani tsohon akwati mai tabon tsatsa a gefe. Ina nan ranar. Ta riƙe hannu a ƙarfen fiye da mazan da na gani, don taurin kai, sannan ta fizge tana hura tafi. Ta ce, “Baba, Allah ya isa.” Ya yi dariya ya ɗiga mata jan farce.

Daminar da gulbi ya yi ambaliya ya cinye hanyar ƙauyensu, rezon waya, wato sabis, shi ma ya ɗauke a can. Ruwa ya koro macizai cikin gidaje, kububuwa ta sari wata mata mai suna Binta tana kwashe hatsi daga rumbu. Wanda ya san kububuwa ya san ba ta gaggawa, jini take sa wa ya ƙi tsayawa. Maganinta babu shi a ɗakin Balaraba, sai a gari. Ba mota, ba amalanke, ba waya. Abin da ya rage tsakanin Binta da gari shi ne wannan tsohon akwati, da batir guda wanda fano, farantin nan mai tara hasken rana, ya kasa cikawa saboda hadari ya ƙi wucewa.

Da hantsi ina shagon, ruwa ya hana ni tafiya lakwal, sai muka ji muryar mace tana tasowa tana nutsewa cikin ƙarar tsawa. Ba a gane ko kalma guda, amma muryar Balaraba ce. Ɗan Azumi ya tura benci da ƙafa ya kunna ordinatar. Rubutu ya fara fitowa: maciji, mace, jini. Sai kuma ya dagule, haruffa suka koma shirme. Na ga fuskarsa ta canza. Ya nuna mini layin saƙonta a kan gilashin ordinatar, ya yi faɗi ya baje kamar tawadar da ruwa ya taɓa.

Ya ce, “Sun ƙara mishi wuta. Batir na ja baya, rediyo na toyewa. In ya mutu, ta mutu.”

Abin da ke faruwa a can, Nasiru mijin Binta ne ya ba ni labarinsa daga baya, bai rage komai ba. Maza sun cika ɗakin, kowa na cewa a ƙara ƙarfi, ai gari da nisa. Kuma wa zai ga laifinsu? Mu duka haka muka taso, in ba a ji ka ba ka ɗaga murya. Nasiru da kansa ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin har ƙarshe, ya wuce jan ɗigon. Balaraba tana kan Binta tana danne mata dasashi da ke zubar jini, ba ta gani ba.

A nan kuwa Ɗan Azumi ya kasa tsayawa ya kasa zama. Ya fita cikin ruwa ya duba wayar bedi, ya dawo jiƙe sharkaf, ya buga da yatsa ɗaya, don bai taɓa iya bugawa da biyu ba: ɗiyata, sa hannu. Ya aika, ya sake aikawa, ya sake. Ni kuwa ina ta ce masa ya rubuta mata bayani sosai. Ko kallona bai yi ba.

Balaraba ta waiwayo ta ga kalmomin nan. Ta taɓa bayan rediyon, ta fizge hannu. Nasiru ya tare maɓallin da jikinsa, ya ce, “Majo, matata na mutuwa, ke kina rage wuta?” Ba ta yi gardama da shi ba. Ta kama hannunsa ta danna a kan ƙarfen, yadda aka yi mata. Ya ce mini bai san lokacin da ya ja baya ba. Ta mayar da maɓallin kan ja, ta ma rage ƙasa da haka, ta sa aka yi ta yi wa akwatin fifita da faifai.

Mu kuwa a shago muka zuba wa gilashi ido. Sannan wani siririn layi ya fito a gilashi, tsaf, kowane harafi a wurinsa. Ta faɗi irin macijin, da halin da matar ke ciki, da inda ruwa ya bar tudu. Ɗan Azumi ya aike ni asibiti da gudu in kira likita a kawo magani, shi ya nufi bakin tafki wurin masunta. Aka ɗora kwalekwale a bayan mota har inda hanya ta ƙare. Rediyon nan bai mutu ba. Da shi likita ya riƙa gaya mata abin da za ta yi kafin magani ya iso, da shi aka nuna wa masunta mashigar da ba ta da igiyar ruwa. Binta tana nan da ranta, tana ɗan ɗingishi, bana ma ta yi noman gyaɗa.

Malam Ɗan Azumi, kai ne ka sayar da tsohon ƙarfe ka haɗa da hankalin riƙe shi. Kai ne ka yarda a zage ka a shago don kada a yi kuka a ƙauye. Ba wanda ya kira ka taro, ba wanda ya rataya maka komai a wuya, kuma na san da an kira ka ma ba za ka iya zama har a gama jawabi ba.

Abin da ya hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami shi ne, bayan girbin nan zai rufe kantar ciki. Ciwon sukari ya cinye masa jin hannu. Kwanan baya na same shi ya ɗora tafi a bayan wani rediyo yana ta ba ni labari, ni ne na ji ƙauri. Da ya ɗaga hannun fata ta tashi, shi bai ji komai ba. Ya daɗe yana kallon tafin. Ya ce, “Mushe, hannun da ba shi jin zahi ba shi saida rediyo.” Na yi fushi ranar, ban san da wa ba. Har yanzu in na bi ta ƙarƙashin wayar bedin nan sai in ji raina ya ɓaci.

Ranar kasuwar da ta wuce Balaraba ta shigo neman fis na rediyonta. Ya kunna rediyo na ƙarshe da ya gyara, ya kai hannu bayansa bisa sabo, sai ya tsaya. Ya ce, “Ɗiyata, ara mini hannunki.”

Ta ɗora. Can ta ce, “Ya yi zahi, Baba.”

Ya rage. “Yanzu hwa?”

“Yanzu daidai.”

Ya buɗe kwalbar jan farce, ya miƙa mata ta ɗiga da kanta. Da ta zo mayar masa da kwalbar ya ce ta tafi da ita.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya sa ka sha shayi da zafinsa ko sau ɗaya. Ku kuma masu sana'a a garin nan, mai sayar da injin ban ruwa, mai sayar da tsohon babur, mai sayar da maganin feshi, kada ku miƙa kaya ku juya baya. Ku kama hannun mai saye ku nuna masa inda abin ke ƙuna, ko da zai zage ku. Matasan da ke da takarda kuma, shagon yana buɗe har girbi, mai shi yana nan yana kai da komo. Kansa bai manta komai ba. Hannu yake nema.