Rabin Labarin da Na Karanta a Ƙofar Masallaci

Da ajami na fara karatu. Boko kuwa sai da gemu ya fito min na koye shi, a ajin manya. Tun ina saurayi, duk wasiƙar da ta shigo unguwarmu a Wudil, ko daga ɗan da ya tafi ci-rani ko daga 'yar'uwar da ke aure nesa, hannuna take fara zuwa. Malamin da ya koya min rubutu, Allah ya jiƙansa, yana da ƙa'ida guda da ba ya sassautawa: ba a buɗe baki da wasiƙa sai ido ya kai ƙarshenta. Ka karanta a zuci tukuna, ka san wanda ya rubuto da abin da ya ƙunsa, domin wata wasiƙar samanta gaisuwa ce, ƙasanta rasuwa. Na daɗe ina bin wannan ƙa'ida, har mutane suka saba. Idan ana gardama wani ya ce, "Ai Malam ne ya karanta," to magana ta ƙare.

Da waya ta zo, wasiƙa ta ɗauke. Na yi shekaru ba wanda ya miƙo min takarda, kuma ban taɓa gaya wa kowa cewa abin yana damuna ba. Sai babban ɗana da ke aiki a Kano ya saya min babbar waya. A cikinta na tarar da wasu shafukan labarai da ba su da sunan marubuci, ba su da adireshi, sai kanun labari masu tayar da tsigar jiki. Wannan ya ce an ga abin al'ajabi a maƙabarta, wancan ya ce wata mata ta yi abin da kunne bai taɓa ji ba. Bayan sallar la'asar muna shimfiɗa tabarmi a inuwar ƙofar masallaci, sai dattawa su ce, "Malam, me duniya take ciki?" Ni kuma in gyara zama, in sa tabarau, in karanta. Gaskiyar da zan faɗa ita ce, daɗin a saurare ni ya dawo min, kuma na fi zaɓar labarin da zai sa a yi salati.

Akwai wani mahauci a bakin titinmu, sa'ana ne, tare muka yi karatun allo. Sana'ar gado yake yi. Mutum ne mai yawan zolaya, kullum in zan wuce sai ya ɗaga wuƙa ya ce, "Alaramma, yau ma ganye za a ci a gidan?" Ni kuma in ce masa gara ganye da ƙashin da yake tura wa mutane da sunan nama.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, majalisarmu ta cika fiye da kullum, domin mutanen Achika da na Indabo da suka gama ciniki suna zaune tare da mu suna jiran mota. Na buɗe waya, sai ga kanun labari: an kama wani mahauci yana sayar wa jama'a mushe, wai ba za ku yarda da inda abin ya faru ba. Mushe, wato dabbar da ta mutu ba a yanka ta ba. A ƙasan rubutun ga hoto: mutum da akuya feɗaɗɗiya a kafaɗa, yana ratsa kasuwarmu. Hularsa, tsagen fuskarsa, har tsohuwar rigar da yake aiki da ita. Abokina ne.

Na karanta kanun da ƙarfi kafin in yi tunani. Sannan na danna don in ga ciki. Abin da ya fara fitowa tallar maganin maza ce, da hoton wata mata da ba ya kamata a gani ko a ɗaki, balle a ƙofar masallaci. Na yi sauri na koma baya. Ban sake dannawa ba.

Wani dattijo ya ce, "A ina ne, Malam?"

Maimakon in ce ban karanta ba, sai na miƙa masa wayar. Ta bi hannu hannu, kowa ya kai ta kusa da ido. Ba wanda ya ambaci suna. Da ta dawo gare ni, aka zuba min ido ana jiran abin da zan ce. Na cire tabarau, na girgiza kai, na ce, "Allah ya kyauta." Wannan kalma ita ce hatimin da na buga. Motar Indabo ta zo, mutane suka tashi suka tafi da labarin.

Ban je na tambayi mahaucin ba. Na dai sauya hanyar zuwa masallaci, ina bi ta lungu, ina gaya wa kaina wai kunyarsa nake tausaya wa. Bayan kwana uku, maiɗakina tana zuba min tuwo ta ce, "Malam, ashe mushe muka daɗe muna ci? Matan unguwa duk sun daina aikawa wurinsa."

Na ce, "Wa ya gaya muku?"

Ta dube ni da mamaki. "Ai cewa aka yi kai ka karanta."

Washegari na bi ta titi. Rana ta yi sanyi, amma naman safe yana nan rataye, ya fara duhu, shi kuma yana korar ƙuda da guntun kwali. Na ji an ce sarkin fawa ya kira shi, ya bincika, bai sami komai ba, amma wannan labarin bai yi tafiya kamar na farko ba. Ya gan ni, ya ce, "Barka da yamma, Malam." Bai ce Alaramma ba, bai ɗaga wuƙa ba.

A maƙwabtanmu akwai wani malamin jami'a da ke haya, mutumin gabas ne, a sahu ɗaya muke sallah. Washegari bayan azahar na ja shi gefe, na nuna masa wayar, na ce ya buɗe min labarin ba tare da hoton nan ya fito ba. Ya danna, ya rufe talla, wata ta fito, ya rufe, har sau huɗu. Sannan ya miƙo min. Na karanta a zuci, tun daga sama har ƙasa, kamar yadda ya kamata in yi tun ranar Juma'a. Abin a wata ƙasa ya faru, ba ma a Najeriya ba, kuma tsohon labari ne aka sake dafawa. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa hoton misali ne kawai, ba shi da alaƙa da labarin.

Na ce, "To ina suka samo hotonsa?"

Ya ce, "Baba, wani ne ya zo kasuwa ya ɗauka ya sa a intanet, su kuma suka kwasa. Ba su san shi ba. Ba su ma san inda Wudil take ba."

"To me ya yi musu?"

"Bai yi musu komai ba. Dannawarka suke so. Duk wanda ya danna, talla ta fito, masu tallar su biya su. In labarin gaskiya ne su ci, in ƙarya ne su ci. Wanda ya fi tayar da hankali ma ya fi kawo musu kasuwa."

Ya ga yanayina, ya ce, "Ba kai kaɗai ba ne, Baba, har mu muna faɗawa." Na san lallashina yake yi. Shi in ya faɗa, shi kaɗai ya faɗa. Ni kuwa da unguwa guda da ƙauyuka biyu na faɗa.

Da gari ya waye, da hantsi, na je gidan abokina, na yi sallama, ya fito zaure. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya iyali, ya gajiya, ya kasuwa. Ya ce, "Da godiya." Na sauka daga tabarma na zauna a ƙasa, na gaya masa komai, har da tallar da ta sa na rufe wayar.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Tun ranar Asabar na san kai ne."

"Me ya sa ba ka zo min ba?"

"In zo in ce me? Kai da ka karanta min wasiƙar rasuwar yayana. Ka zaunar da ni, ka sa aka kawo min ruwa, kafin ka faɗa. Na ce wanda ya yi min haka ba zai karanta abin da bai gani ba. Har na fara zargin yarana, ko sun yi wani abu a bayan idona."

Wannan magana ta fi min zagi zafi. Na ce ya yafe min don Allah.

Ya ce, "Na yafe tsakanina da kai. Amma ba a zaurena ka karanta ba."

Juma'ar da ta biyo, bayan la'asar, na miƙe tsaye a ƙofar masallaci, abin da ban saba yi ba. Na karanta labarin duka, har ƙananan baƙaƙen ƙasa. Na ce wancan makon kanun kawai na gani, ban karanta ciki ba, na bar su suka ɗauka na karanta. Na ce mutumin nan bai yi komai ba, ni ne na yi. Na kuma ce daga ranar na daina buɗe irin waɗannan shafuka, kuma ina roƙon duk mai waya kada ya buɗe, kada ya tura wa wani, ko da don ya yi tir da su ne, domin malamin jami'a ya fahimtar da ni cewa har mai zaginsu in ya danna ya ciyar da su.

Dattijon da ya fara karɓar wayar ya ce, "To Malam, yanzu wa zai riƙa ba mu labari? Ko mu koma ƙirga motoci?"

Aka yi dariya kaɗan. Wani ya ce ai dama shi bai yarda ba, alhali shi ya fi kowa daɗewa yana kallon hoton. Malamin jami'a ya karɓi wayoyin waɗanda suka yarda, ya toshe shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ba kowa ya miƙa ba. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, har yau in wani ya turo min irin kanun nan sai in ji ɗan yatsana yana ƙaiƙayi. Sai in yi istigfari in goge. Majalisar ta rage armashi, yanzu labarin farashin taki da na ruwan sama muke yi, wasu ma sun koma wata inuwar inda ake karanta musu abin da na daina.

Mutanen ƙauye da suka ji na farko ba su ne suka zo a Juma'a ta biyu ba. Don haka na hau babur na bi su. A Achika liman ya ba ni dama bayan azahar, na yi bayani, aka ce Allah ya saka. A Indabo kuwa, da na gama, wani manomi ya ce, "Malam, kada ka ɗora wa kanka. Wannan labari ai ba daga wurinka ya fito ba, a rediyo aka faɗa."

Na ce ba a faɗa a rediyo ba, ni ne, a ƙofar masallacinmu, ranar kasuwa.

Ya ce, "A'a, ƙanina da kunnensa ya ji." Mutum biyu suka gyaɗa kai. Na tsaya a gabansu ina rantsuwa cewa ni ne maƙaryacin, su kuma suna ba ni haƙuri, suna wanke ni. Haka na hau babur na dawo.

Mutanen unguwa yawancinsu sun koma sayen nama wurin abokina. Na ƙauye, masu sayen naman suna da na biki, har yanzu da saura. Wanda a da yake yanka awaki uku ranar kasuwa, yanzu ɗaya yake yankawa, wani lokaci biyu. Bai taɓa sake tayar min da maganar ba. Duk Juma'a nakan tsaya a teburinsa lokacin da titi ya fi cika, in sayi nama, in daɗe ina ciniki don a gan ni. Yakan yanka, ya naɗe a takarda, sannan ya yanko 'yar tsoka ya ɗora a kai, gyara, kamar yadda yake yi wa kowa. Na taɓa cewa ya bar gyaran. Ya ce, "Karɓi, Malam, kana tare min masu saye." Na waiga, mutum ɗaya ne a bayana. Na karɓa na matsa masa.