Mode Direban Motar Asibiti

Kafin Mode ya kama tuƙin motar asibiti a Shagari, albasa yake ɗauka daga fadamun Danchadi zuwa kasuwar Bodinga. Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce albasa ce ta koya masa tuƙi a hankali, domin ita ma ba ta son a jijjiga ta.

Wata ranar kasuwa da hantsi, babura biyu suka yi karo kusa da Mandera. Mode ya iso da jiniya, ya sunkuya zai ɗauki wani da ƙafarsa ta karye. Sai ƙanen mutumin, Anas, ya fusata wai an makara, ya sauke masa gora a kafaɗa. Ƙashi ya tsage. Duk da haka, da hannu ɗaya Mode ya kai majinyacin asibiti, sannan shi ma aka kwantar da shi a gadon da ke kusa.

An kai Anas kotu, aka yi masa ɗan hukunci, ya dawo gida tun kafaɗar Mode ba ta warke ba. Abin ya ɓata wa Mode rai. Yana jinya ya fara buga waya gidan rediyo a shirin safe.

"Mode ne daga Shagari. Wanda duk ya ji wa ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana ko irinmu mummunan rauni, a tsananta mai hukunci. Mun zo ceto, sai a karya mu?"

Kullum sai ya kira, ko da farashin taki ake tattaunawa. Matarsa Zulai ta ce, "Maigida, yau hwa maganar kaji sukai."

"To ai masu kajin ma suna da gora," in ji shi.

Ba a jima ba 'yan kwana-kwana da wani kofur daga Bodinga suka soma kira suna mara masa baya.

Bayan sallar Juma'a wata rana, Anas ya zo gidan Mode da dattijan Mandera, ya durƙusa yana neman gafara.

"Na yahe ma," Mode ya ce. "Amma gobe zan kira rediyo, kuma kai zan miƙa wa wayar."

Washegari Anas ya karɓi wayar, ya ce wa masu saurare hukuncin da aka yi masa ya yi kaɗan. Zulai ta dama musu fura, suka sha tare a zaure.