Yatsun Baban Gareji

Baban Gareji bai taɓa yarda da fitilar mai da ke gaban direba ba. Cewa yake kafin ta kama, inji ya riga ya ji jiki. Shi dai ya zaro sandar awo, ya shafo baƙin mai, ya murza tsakanin yatsu biyu. In da santsi, a kama hanya. In ya ji kamar yashi, to ƙarfe ya fara cin ƙarfe a ciki. Har ya tsufa yana wa direbobi bayanin da ba sa saurare: famfo ne ke zuƙo man daga kaskon ƙasan inji, ya tura shi ta wurin tacewa, ya ratsa tsakanin duk ƙarafan da ke gugar juna, sannan ya gangaro. Su kuwa hankalinsu na kan fasinja.

Sai ciwon suga ya zo ya kashe masa jin yatsu. Bai gaya wa kowa ba. Wallahi ya gaji, gwiwa ta ƙi tsugunno, baya ya ƙi kwanciya ƙarƙashin mota, murzawar nan ita kaɗai ta rage ake nemansa dominta.

Ran nan ƙanensa ya kawo motar hayar da yake ciyar da iyalinsa da ita, wai yana jin wata 'yar ƙara. Baban Gareji ya shafo man ya murza. Ba santsi, ba yashi, ba komai. Ya ce lafiya lau, ya goge hannu a gaban riga.

Washegari matarsa na wanki ta kira shi. Baiwar Allah ta sha wankin baƙin mai har ta san shi kamar kanwar miya. Ta ɗaga rigar a rana, tabon na ƙyalli.

"Malam, wannan man har karce min hannu yake. Motar wa ka duba?"

Ya lalubo waya, da ƙyar ya danna lambar ƙanensa. Ƙanen ya riga ya yi lodi, ya yi nisa.

"Tsaya gefe ka kashe motar nan yanzu."

"Haba Yaya, ba kai ka taɓa ka ce lafiya ba?"

Baban Gareji ya dubi yatsunsa, baƙi ƙirin, kamar na wani.

"Na taɓa, amma ban ji ba. Kashe ta. Kuma ka gaya wa sauran direbobi yatsuna sun daina ji."