Ranar da Yohana Ya Sauko Daga Lori

Yohana ya rasu. Da safen nan ɗansa ya bugo mini waya daga garin Sinja, ga shayina nan ya huce ban taɓa ba.

Yaran yanzu ba ku san shi ba. Kirista ne daga duwatsun Nuba, mun yi tsintar auduga tare a gonakin Jazira farkon shekarun saba'in. A kambo yake zaune, unguwar leburori bayan ƙauyenmu. In azumi ya galabaita ni, shi ke kai mini buhuna sikeli, yana kirana raggon Hausa.

Wata Asabar ruwa ya ɓalle ya cinye gonar yayana Sale. Sale akwai zafin kai. Ya tarar da Yohana a bakin hanyar ruwa, bai tambaya ba ya rafka masa ƙotar fartanya a goshi. Ashe shanu ne suka fasa hanyar ruwan, ba shi ba.

Kambo ta ɗau zafi. Mu ma kowa ya jawo sandarsa kusa.

Lahadi da safe sai ga Yohana tafe cikin farar riga, kai a ɗaure, mutanensa na biye. Sale ya tare ƙofa da gatari, Inna na kuka tana jan rigarsa.

"Mi kaka so?" in ji Sale.

"Hannunka, ya zol, mutumina. Yau muna cin jibin Ubangiji a coci, kuma mu ba ma cinsa da gaba a zuciya. Har na hau lorin Madani, inda cocinmu yake, na sauko. Ba ni zuwa gaban Allah in bar ka a baya. Yi sauri, direba na jira."

Shi aka fasa wa kai, shi ya zo neman shiri!

Sale ya jingine gatarin, ya miƙa masa hannu.

Ganina da shi na ƙarshe a makokin Sale ne. Ya zo yana dogara sanda, ya zauna gefen tabarma, ya shafa tabon goshinsa ya ce, "Hamisu, ɗan'uwana ya tafi bai jira ni ba."

Mai niyyar yi mini wa'azi a kwament, ya bari sai gobe. Yau zuciyata ba ta ɗauka.

Allah ya ba iyalansa haƙuri, ya riƙe zumuncin nan tsakanin 'ya'yanmu. Ku taya ni yi musu addu'a. Wanda kuma ke gaba da wani, don Allah ya sauko yau, direba ba kullum yake jira ba.