Haƙorin da na bari a bakin Chalawa

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya sami haƙorina na gaba, cewa nake yi saniya ce ta harbe ni. Ƙarya nake yi. Mutum ne ya cire shi, mutumin da muka zauna benci ɗaya a firamare.

Kafin a datse kogin Chalawa, wani attajiri a Ƙaraye ya gina bukkoki huɗu a kan gaɓa, ƙarƙashin itatuwan kanya. Jinkar ciyawa, daɓen siminti, gadon ƙarfe ɗaya a kowace. Ma'aikata daga Kano suna zuwa ranar Asabar su sha iska, su gasa kifi, su kwana su koma. Ni ne mai gadi, ni ne mai shara, ni ne mai ɗebo ruwa. A aji biyar na bar makaranta na bi shanun babana, shanun suka ƙare, bokon ma bai samu ba.

Ƙarshen bazara ne abokin nawa na firamare ya zo da farar mota, da matarsa, da 'yarsu wadda ba ta wuce shekara huɗu ba. Ya zama babba a wani ofis. Ya dube ni daga hula har silifa.

"Au, kai ne a nan? Har yanzu kana ƙauye?"

"Ina nan, ranka ya daɗe."

Bayan azahar zafi ya kore su daga bukka. Lokacin kogin ya janye, sai yashi fari a tsakiya, da ɗan ruwa iya idon sawu yana bi ta gefe da gefe. Can suka kwashi tabarma da rediyo da tukunya. Ya kafa sanduna, ya ɗaura zannuwa ya zagaye wurin don Hajiya ta sake. Ya ce mini kada namiji ya matso.

Ina wanke randa sai na ga wani tsohon Bafulatani, ɗaya daga cikin Fulanin da ke shayar da shanu kusa da mu, yana kora su sama da sanda, ba su ma gama sha ba.

"Baffa, lafiya?"

"Ka makance ne? Dubi ruwan. An yi ruwa a Rogo da hantsi."

Na duba. Ruwan da yake garau da safe ya koma ja. Kumfa a kansa, da karare, da busasshen kashin awaki. Sama kuwa tas, ko gajimare babu. Duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya san ruwan farko ba ya jiran hadari ya zo kanka. Ana yinsa can nesa, ya taru, ya gangaro gaba ɗaya.

"Zai kai la'asar?"

"Ba zai kai ba," in ji shi, ya bi shanunsa.

Na sauka da gudu. Amma da na kusa zannuwan nan sai ƙafata ta tsaya da kanta. Wurin iyalin wani ne. Na yi sallama. Rediyo na ta kiɗa. Na sake. Sai a ta uku ya leƙo, da ƙashin kifi a hannu.

Abin da har yau yake ƙona mini rai ke nan: gaishe shi na fara yi. Yaya hutawa, yaya gajiyar hanya, yaya iyali. Haka aka rene mu, ba ka faɗo wa babba da magana kamar jifa. Ina gaisuwa, ruwan da ke idon sawuna yana hawa ƙwaurina, da sanyi kamar daga randa.

"Ranka ya daɗe, ku tashi. Ruwa na zuwa."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Ina hadarin?"

"A Rogo aka yi."

"To, ya tsaya musu a Rogo. Kai fa tun a aji haka kake, a ce biyu da biyu ka ce saniya." Na ji Hajiya ta yi dariya a bayan zane. "Ko ɗan na goro kake nema? Bari mu gama."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Malam, ja baya. Ka matso da yawa."

Ya koma ciki. Sai na ji ƙarar, can daga yamma, kamar babbar mota tana hawa tudu da kaya. Ta ƙarƙashin zanen ina hango 'yan ƙafafun yarinyar, tana binne su cikin yashi.

Ban taɓa shiga inda matar wani take zaune ba, ko ta ƙanena. Na fizge zanen, na sunkuci yarinyar, na juya da gudu.

"Wayyo Allah! Ya sace ta! Ɓarawo!"

Abin da nake so ke nan. Su biyun suka biyo ni, shi yana zagin uwata, ita ko mayafi babu. Ruwan gefen ya kai gwiwa, kafin na tsallake ya kai cinya, yana jan ƙafata, yashi na zamewa. Yarinyar ta cije ni a kafaɗa. Na hau gaɓa da rarrafe, na dire ta, na juyo. Dunƙulen hannunsa na tarar a bakina.

Ina ƙasa ina tofar da jini na ga Hajiya ta faɗi a ruwan, kai kawai ake gani. Shi bai ma gan ta ba, yana neman ƙara mini. Tsohon Bafulatanin ne ya dawo ya miƙa mata sandarsa.

"Riƙe, 'yata! Riƙe da hannu biyu!"

Yana janyo ta gaɓa, ruwan ya iso. Ja wur, da kututturen itace a gaba. Zannuwa, tabarma, tukunya, rediyon yana cikin kiɗa, duk suka tafi. Inda suke zaune ya zama tsakiyar kogi.

Yarinyar ce kawai ke kukan takalminta ɗaya. Can ya cire rigarsa ya yafa wa matarsa a ka, ya dube ni.

"Ai da ka yi mini bayani yadda ya kamata."

Ranar Litinin mai bukkokin ya kira ni. Wai na keta wa baƙo shinge, na ga kan matarsa a buɗe, an kawo ƙara. Ya karɓe makullai. Tsohon nan ya je ya ba da shaida, aka ce ya koma wurin shanunsa.

Yarinyar yanzu ta yi 'ya'ya, na tabbata, kuma ba ta san da ni ba. Ba komai. Amma tun ranar, in na zo da magana, maganar nake fara faɗa. Mutanen unguwa suna cewa ba ni da gaisuwa. Sai in buɗe musu baki su ga giɓin.