Gishirin Inna Zuliha

A unguwar Birni ta Damagaram, in aka ce za a yi biki ko suna, kafin a tambayi ko 'yar gidan wa za a aurar, sai an tambayi wa za ta hau tukunya. In aka ce Inna Zuliha ce, to har wanda ba a gayyata ba sai ya tuna cewa kakarsa da kakar ango sun taɓa zama a lungu ɗaya.

Ita dai ba 'yar Birni ba ce. Daga ƙauyen Gaffati aure ya kawo ta gidan Suma'ila baduku, mutum mai sanyin hali, wanda ya ƙare rayuwarsa a zaure yana ɗinkin jakunkuna da takalma. Girkin taro kuwa tsintarsa ta yi. Maƙwabciyarta Ya Kaltuma, jikar Barebarin da suka zo fatauci daga Barno suka zauna, ta haifi ɗanta na fari. Ana gobe suna, matar da aka yi da ita za ta yi girki ta aiko cewa ba ta da lafiya. Zuliha, wadda tsintar shinkafa kawai ta shigo tayawa, ta gyara ɗaurin zaninta ta ce a kawo mata itace. Ranar aka ci burabusko da miyar yakuwa har mata suka riƙa leƙa madafa su ga ko wace ce. Kafin jaririn ya fara rarrafe, an san ƙofar gidanta har unguwar Zango.

Akwai lokacin da wani mushe, wato malamin makarantar boko da ya ci tuwonta a wani biki, ya nema mata aiki a madafar wata makarantar kwana, da albashi duk ƙarshen wata. Suma'ila ya so ta riƙe, don shi ya san zafin watan da babu ciniki. Ta je ta yi 'yan kwanaki ta dawo abinta. Ta ce can da gwangwani ake auna gishiri, kuma ko miya ta yi ko ba ta yi ba, gobe yaran nan za su sake jeruwa da kwanukansu, don ba su da inda za su je. Ita kuwa ta fi son gidan da in ta ɓata ba za a sake kiranta ba. Suma'ila bai ja da ita ba. Ya ɗauki jar fata ya ɗinka mata doguwar jaka daidai muciya da ludayinta, ya ce tunda ta zaɓi yawo, gara ta yi shi da kyan gani.

Da wannan jaka ta shiga gidajen Damagaram shekara talatin da ɗoriya. Ta koyi abubuwa a hanya, wasu da daɗi, wasu da kuka. Ta koyi cewa bayan girbi bukukuwa kan yi mata yawa har ta rasa na zuwa, da damina kuwa sai ka ce an manta da ita, don haka ba ta taɓa sakin 'yar gonarta ta Gaffati ba. Ta koyi cewa mai girki tana jin komai a madafa, wa ya kawo gudummawa, wa ya zo hannu rabbana, kuma in ta fita da magana ɗaya ta rufe wa kanta ƙofa goma. Gidan biki sai an kira ta take zuwa, amma gidan rasuwa da kanta take kai kanta, ta hura wuta ta dafa wa masu zaman makoki, ta tafi ba ta jira godiya ba.

Sai dai kada a ɗauka waliyyiya ce. A kan gishiri Inna Zuliha ba ta da kunya. Kowa na iya yanka mata albasa, kowa na iya daka mata daddawa, amma duk wadda hannunta ya doshi ƙoƙon gishiri za ta sha harara, ko da uwar ango ce. Ludayinta kuma bakin kowa bai taɓa taɓa shi ba sai nata. Ranar girki ba ta karya kumallo, ko goro ba ta ci, wai kada harshenta ya rikice. In an gama rabo, ba ta shiga cikin mata ta ji ana yabonta. Wurin wanke-wanke take zuwa ta tsaya tana duban kwanukan da ake dawowa da su. Takan ce bakin mutum yana jin nauyinka, kwano ba ya ji.

Shekarar da Suma'ila ya rasu, bayan ta fita takaba, wata mura mai zafi ta kwantar da ita. Murar ta tafi, amma ta tafi da wani abu. Ta wayi gari ba ta jin ƙanshin hayaƙi, ta sa gishirin Bilma a harshe ta ji kamar yashi. Ta je likita aka ce ta yi haƙuri zai dawo. Ta sha jiƙe-jiƙen da aka kwatanta mata. Bai dawo ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ci gaba da karɓar aiki, tana zuba gishiri da tunanin hannu, tana ɗaga ludayi zuwa baki tana gyaɗa kai kamar yadda ta saba. Wani lokaci hannun ya dace, wani lokaci miya ta fito lami. Har ranar wani biki a Zango, da ta tsaya wurin wanke-wanke ta ga kwanuka suna dawowa an tsince naman an bar miyar. Gishiri ya zarce. Ba wanda ya ce mata komai, uwar biki ma har ƙofa ta rako ta da godiya, kuma wannan godiyar ta fi zagi yi mata ciwo. Daga nan aike ya fara ja baya. Tana jin guɗa daga lungun da ita ta yi girkin sunan amaryar, tana zaune a gida, jakar Suma'ila na rataye a ƙusa.

Ana cikin haka Ya Kaltuma ta aiko cewa an sa ranar autarta Sakina, kuma Zuliha ce a tukunya. Duk 'ya'yan gidan nan ita ta yi girkin sunansu da na aurensu, wannan ce ta ƙarshe. Ga dangi za su zo daga Gure, har daga Barno. In ta karɓa ta ɓata, ta kunyata matar da ta fara buɗe mata ƙofa, a gaban danginta, a ranar da ba a maimaitawa. In ta ƙi, to ta rataye jakar ke nan har abada, don duk Birni za a ce ko Ya Kaltuma ta sallame ta.

Da la'asar ta yafa mayafi ta tafi da niyyar ba da haƙuri. Ta tarar da Ya Kaltuma tana turara kayan amarya, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙin turaren wuta, ga kwalaben humra a jere. Zuliha ta zauna a cikin wannan hayaƙi ba ta jin komai, sai idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙin ne. Ta fara kame-kame, gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, ga yara masu jini a jika da suka iya girkin zamani. Ya Kaltuma ta bar ta ta gama tsaf, sannan ta ce ita ba gwiwa ta aika a kira mata ba. Ta shiga lissafa mata raguna da buhunan shinkafa, ta ce a zo da wuri, ta koma kan turarenta. Zuliha ta fito ba ta faɗi abin da ya kai ta ba.

Ranar biki, bayan sallar asuba, ta jera tukwane a bayan gida. Aiki ya tafi yadda ya saba, don ido da hannu ba su manta komai ba. Ta san nama ya nuna daga yadda yake sakin ƙashi, ta san mai ya soyu daga ƙararsa. Da hantsi miya ta haɗu, saura gishiri. Ta ɗauki ƙoƙon ta tsaya. Mata masu taya ta aiki suka ja da baya kamar kullum, suna jiran ta ɗanɗana.

Sai ga Ya Kaltuma ta ɓullo, ita da ya kamata a ce tana ɗaki cikin sabuwar lafaya tana karɓar barka. Hannuwanta sun sha lalle, tana jan kujera 'yar tsugunno. Ta kori matan, ta ce su je su duba shinkafa. Ta dasa kujerar a bakin murhu ta zauna, ta miƙa hannu.

"Ba ni ludayin nan, Zuliha."

Zuliha ta ƙara riƙe shi. Ta ce, "Ya Kaltuma, baƙi na jiranki."

"Su jira. Tun bikin Zango na sani, ina wurin. Kin ɗanɗana miyar nan kin gyaɗa kai, na ce wannan ba Zuliha ba ce." Ta yi ƙasa da murya. "Tun ina da jego nake shan miyarki. Ko cikin barci aka ba ni, zan gane taki. Ke zuba, ni in gaya miki in kin iso."

Zuliha ta daɗe tana duban ludayin. Kunya ta kama ta, da wani ɗan haushi na tsohuwar da aka gano, amma ƙarƙashinsu akwai sauƙin da ta daɗe ba ta ji ba. Ta ɗebi gishiri ta watsa, ta juya, ta ɗebo miya ta miƙa.

Ya Kaltuma ta hura ta kurɓa, ta lumshe ido. Ta ce da saura. Zuliha ta ƙara. Ya Kaltuma ta sake kurɓa, ta ce an kusa, amma daddawar ba ta fito ba, a da takan fi haka. Zuliha ta ce tun yaushe mai cin abinci ta zama malamar girki? Ya Kaltuma ta ce tun da mai girkin ta zama mai taurin kai. Suka yi dariya, Zuliha na share ido da bakin zani. Ya Kaltuma ta kai kurɓa ta gaba. Ta miƙa mata ludayin ta ce, "Yauwa. Ga ki nan."

Haka suka bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, uwar amarya da lafayarta tana shan hayaƙin itace, ana ta aikowa daga cikin gida ana nemanta.

Da aka gama rabo, Zuliha ta tafi wurin wanke-wanke. Kwanukan suka fara dawowa. Na maza, na mata, na baƙin Barno, duk an suɗe su, har da sawun yatsu a gefe. Wata yarinya ta zo da kwanon amarya ta ce Sakina ta ce ko akwai saura.

Tun daga ranar, duk gidan da aka kira ta, in an zo kan gishiri sai ta aika a kira mata wata babba a gidan ta ba ta ludayi. Ba ta taɓa rasa wadda ta san miyarta ba, don kusan kowane gida a Birni akwai wadda ta girma a kanta. Aiken bai koma kamar da ba, amma jakar ta sauko daga ƙusa.

A ranar bikin Sakina kuwa, da rana ta yi sanyi aka tafi kai amarya, su biyun suka rage a bayan gida. Zuliha ta kankaro ƙanzo, ta kwaso ragowar miya a gindin tukunya, suka sa hannu a kwano ɗaya. Tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Ta kai loma, ta tauna, ta dubi ƙawarta.

"Ya yi?"

"Ya yi, Zuliha. Kamar na ranar sunan ɗana na fari."

Ba ta ji ɗanɗanon komai ba, amma sai da ta suɗe kwanon.