Kwamfutocin Ranar Buɗewa

Duk daɗewar rai, ba na jin zan manta ranar da wani ɗan kwangila ya zo gidanmu a Daura neman yayana. Ina ƙaramar sakandare a lokacin, yarinyar da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai.

Yaya ya gama karatun kwamfuta, ya daɗe ba aiki. Sai ga kamfanoni biyu masu kwangilar gwamnati suna son sa. Ɗaya ƙarami ne, yana jan wayoyin intanet a ofisoshin Baure da Dutsi, a kan babur ake zuwa. Ɗayan kuwa mai shi da kansa ya zo, cikin mota mai baƙin gilashi, ya ce kwamfutoci yake sa wa makarantu, har ya lissafa waɗanda ya yi wa aiki. "Naka kawai ka duba, ka sa hannu an kammala," in ji shi. Sai da na girma na gane cewa in bincike ya zo, mai sa hannun ake fara kamawa.

Na kai musu ruwa zaure inda suke zaune da Baba, ina juyowa na hango direba ya buɗe bayan mota, ga kwamfutoci a jibge. Na san kwamfutar da ke sama, gefenta a fashe, an liƙe da jan salatif. A gabanta aka zaunar da ni ranar buɗe ɗakin kwamfutar makarantarmu, aka ce kada in taɓa komai, in yi murmushi a ɗauki hoto. Manyan baƙi na tafiya aka kwashe su, wai za a gyaro. Tun ranar ɗakin yake a kulle.

Kunya ta hana ni magana gaban Baba. Na samu Inna a madafi na raɗa mata, ta aika aka kira Yaya.

"Haba Inna, salatif ai ko'ina akwai shi," ya ce yana dariya. "Autarki ta zama 'yar sanda ne?"

"Ko aure za ka yi, ai ba yarinyar ake tambaya halinta ba," in ji Inna. "Maƙwabta ake tambaya. Je ka makarantun da ya lissafa maka."

Washegari ya tafi ɗaya daga cikinsu a Mai'adua. Ɗakin can ma da kwaɗo a ƙofa. Ya leƙa ta taga, tebura ne kawai. Ya dawo ba dariya, ya kira masu babur ya ce ya amince.

Tun daga nan na koyi cewa ba a zaɓen ubangida da daɗin bakinsa. Sai an taka zuwa inda ya taɓa aiki, an ga abin da ya bari bayan taro ya watse.